Bugun zuciya yayin motsa jiki: Ina iyakarsa, kuma yaya gaskiyar agogon da ke auna shi?

Agogon hannu mai auna bugun zuciya, wanda a da sai a hannun manyan 'yan wasa ake ganinsa, yanzu ya shiga shagunan sayar da wayoyin salula na birnin Sakkwato, ya kuma kai garuruwa irin su Boɗinga da Shagari.

Matasa masu buga ƙwallo da yamma, da masu shirin shiga aikin soja ko na ɗan sanda da ke gudu da asuba a gefen titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga zuwa Shagari, da dattawan da likita ya umurta su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon sukari, duk suna iya ɗaga hannu su ga lamba tana hawa tana sauka.

Tambayar da kan biyo baya ita ce: wace lamba ce ta yi yawa?

Amsar da akasarin agogunan ke bayarwa ta dogara ne a kan wani tsohon lissafi, wato a cire shekarun mutum daga 220. Sai dai binciken masana ya nuna cewa lissafin kiyasi ne kawai, kuma shi kansa agogon yakan yi kuskure, musamman a lokacin da aka fi bukatarsa.

A yankin da zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyas a watannin Maris da Afrilu da Mayu, kuskuren na iya zuwa ta fuska biyu. Wani zai tsorata ya daina motsa jikin da lafiyarsa ke bukata, wani kuma zai ci gaba da gudu jikinsa na yi masa gargaɗi, saboda agogo ya ce babu komai.

Mene ne iyakar bugun zuciya?

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, tana kuma tura jinin da ya kai kimanin lita 5 a cikin wannan mintin.

Da zarar ya fara gudu, ko huɗa a gona, ko kokawa, tsokar jiki na bukatar ƙarin iskar oksijin. Zuciya kan biya wannan bukata ta hanyar ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, da kuma ƙara saurin bugun. A aiki mai tsanani jinin da take turawa zai iya kai lita 20 ko fiye a minti ɗaya.

To amma saurin yana da wani matakin da ba ya wucewa, komai ƙarin ƙoƙarin da mutum ya yi. Wannan mataki shi ne masana ke kira iyakar bugun zuciya.

Gado da shekaru ne suka fi tasiri a kan wannan iyaka. Tana raguwa sannu a hankali yayin da mutum ke manyanta, saboda sauye-sauyen da ke faruwa a ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke ɗakin sama na dama na zuciya, wanda daga nan ne sakon lantarkin kowane bugu ke tasowa.

Atisaye ba ya ɗaga iyakar. Abin da yake yi shi ne ƙarfafa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, abin da ya sa bugun wasu 'yan gudun yada-ƙanin-wani kan sauka zuwa wajen sau 40 a minti idan suna hutawa.

Saboda haka, idan samari biyu sa'o'in juna suka yi tsere, na ɗaya ya kai 200, na biyu ya tsaya a 185, wannan bai nuna wanda ya fi ƙarfi ko lafiya a cikinsu ba.

Asalin lissafin 220

Ana danganta lissafin ne ga wasu masana biyu na Amurka, Dokta Samuel Fox da Dokta William Haskell, waɗanda suka fito da shi a farkon shekarun 1970.

Mutanen biyu ba su gudanar da wani sabon gwaji ba. Sun tattara alƙaluma ne daga rahotannin bincike kimanin goma da aka riga aka wallafa, suka jera su a kan takarda, suka ja layin da ya fi dacewa da su.

Akasarin waɗanda aka auna a rahotannin ba su kai shekara 55 ba, kuma a cikinsu akwai masu shan taba da masu ciwon zuciya.

A wata hira da jaridar New York Times a 2001, Dokta Haskell ya bayyana cewa ba su taɓa nufin lissafin ya zama wata ƙa'idar da za ta yi wa mutane iyaka a wajen atisaye ba.

A 2002 wasu masana biyu, Robert Robergs da Roberto Landwehr, sun bi diddigin tarihin lissafin, suka kuma yanke hukuncin cewa ba shi da tushen binciken kimiyya da ya kamata a dogara da shi.

Duk da haka lissafin ya bazu a duniya, saboda sauƙinsa. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin motsa jiki sun ɗauke shi, kuma har yau shi ne agoguna da dama ke amfani da shi da zarar mai agogo ya shigar da ranar haihuwarsa.

Sababbin lissafi

A 2001 Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa a Jami'ar Colorado ta Amurka sun nazarci rahotannin bincike 351 da suka ƙunshi mutum 18,712, sannan suka gwada wasu mutane 514 masu lafiya a ɗakin gwaji.

Sun ba da shawarar a ninka shekarun mutum da 0.7, a cire abin da aka samu daga 208.

Ga mai shekara 40, lissafin biyu na ba da amsa ɗaya, wato 180. Ga mai shekara 20, tsohon lissafi na ba da 200, na Tanaka kuma 194. Ga mai shekara 70, tsohon na ba da 150, sabon kuma 159.

Ma'ana, tsohon lissafin yana ƙara wa matasa, yana kuma rage wa dattawa.

Wani binciken da Dokta Martha Gulati ta jagoranta a kan mata 5,437 a yankin Chicago, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna cewa lissafin 220 kan zarta abin da ake samu a jikin mata. Nata lissafin shi ne a ninka shekaru da 0.88, a cire daga 206, wanda ke bai wa mace mai shekara 40 kimanin 171.

A ƙasar Norway kuma, gwajin da aka yi wa mutum 3,320, wanda aka wallafa a 2013, ya haifar da wani lissafin da ke bai wa mai shekara 60 kimanin 173, alhali tsohon lissafi na ba shi 160.

Abin da duk waɗannan bincike suka haɗu a kai shi ne, kowane lissafi matsakaicin jama'a yake nunawa. Mutum ɗaya zai iya saɓa masa da bugu 10 zuwa 12, sama ko ƙasa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne.

Idan aka tara maza masu shekara 40 a Boɗinga aka gwada su, abin da za a yi tsammani shi ne kusan biyu cikin uku su faɗo tsakanin 170 da 190. Sauran za su kasance a waje da wannan zango, wasu ma kusa da 160, wasu kusa da 200, kuma dukansu lafiyarsu lau.

Hanyar sanin iyakar mutum ta haƙiƙa ita ce gwaji a asibiti, inda ake manna masa wayoyin na'urar ECG a ƙirji, ya hau injin gudu, ana ƙara sauri da gangara mataki-mataki a gaban likita har ya gaji. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne wanda likitan zuciya Robert Bruce ya wallafa a 1963, inda ake ƙara wahalar aikin bayan kowane minti uku.

Yadda na'urorin ke aiki

Na'urorin da ake sayarwa iri biyu ne.

Na farko shi ne maɗaurin da ake ɗaurawa a ƙirji, wanda ke ɗaukar sakon lantarkin zuciya kai tsaye, kamar yadda na'urar asibiti ke yi. Kamfanin Polar na ƙasar Finland, wanda aka kafa a 1977, shi ne ya fitar da irinsa na farko marar waya a 1982.

Na biyu shi ne agogon hannu, wanda bai jin lantarkin zuciya. A bayansa akwai wata 'yar fitila, galibi koriya, da ke haska fata. Jini na shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta tura jini zuwa hannu, hasken da ke dawowa ga agogon kan ragu kaɗan. Daga wannan hawa da sauka ne kwamfutar agogon ke lissafa bugun.

Sauyin hasken ƙanƙane ne ƙwarai, kuma abubuwa da dama na iya dagula shi: agogon da ya yi sako-sako, gumi, hasken rana da ke shiga ta ƙarƙashinsa, ko sanyin asubar hunturu da ke rage kwararar jini zuwa fata.

Motsin hannu shi ne babbar matsalar. Mai gudu kan yi taku 150 zuwa 180 a minti, adadin da ya yi kusa da na bugun zuciyarsa, kuma agogo kan ruɗe ya koma ƙirga takun a madadin bugun.

Haka nan aikin da ke bukatar damƙe abu da ƙarfi, kamar riƙe fartanya ko taɓarya, ko ɗaga ƙarfe, ko riƙon abokin kokawa, yana matse jijiyoyin wuyan hannu, ya sa agogon ya rasa abin da zai karanta.

Akwai kuma jinkiri. A wasan ƙwallo, inda ɗan wasa ke zabura ya tsaya ya sake zabura, lambar da agogo ke nunawa na iya kasancewa ta daƙiƙun da suka wuce.

A 2018 an yi ta yaɗa hotuna a ƙasar Sin na agogunan da ke nuna bugun zuciya bayan an ɗaura su a jikin ayaba ko naɗin takardar bayi. Wannan na nuna cewa na'urar na iya fitar da lamba ko da babu jinin da ke gudana a ƙarƙashinta.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Masana a asibitin Cleveland Clinic na Amurka sun gwada agoguna huɗu da maɗaurin ƙirji ɗaya a jikin mutum 50 masu lafiya da ke tafiya da gudu a kan inji, suka kwatanta su da na'urar ECG.

Sakamakon, wanda mujallar JAMA Cardiology ta fitar a ƙarshen 2016, ya nuna cewa maɗaurin ƙirji ya yi kusan daidai da na'urar asibiti, kuma babu agogon da ya kamo shi. Agogunan sun fi yin daidai lokacin hutu, sun fi kuskure lokacin motsa jiki.

A 2017 Jami'ar Stanford ta gwada agoguna bakwai a jikin mutum 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba.

To amma a wajen lissafin ƙarfin abincin da jiki ya ƙona, babu ko ɗaya da ya yi abin kirki. Wanda ya fi kusa da daidai ya yi kuskuren kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe kuma kashi 93.

Ya kamata a lura cewa kashi 5 cikin ɗari na bugu 170 ya haura bugu 8. Idan aka haɗa wannan da kuskuren lissafin shekaru, tazarar da ke tsakanin abin da agogo ke faɗa da abin da ke faruwa a ƙirji na iya kai bugu 20.

Kuma waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan kayan sanannun kamfanoni, a ɗakunan da aka daidaita yanayinsu. Sakamakonsu ba shaida ba ne ga agogo mai araha da ba a san wanda ya ƙera shi ba.

Batun launin fata

Sinadarin da ke sa fata ta yi duhu shi ma yana shanye koren haske, abin da ya sa masana suka daɗe suna tambayar ko agogunan na aiki daidai a hannun baƙar fata.

Binciken Stanford ya ga cewa kuskure ya ɗan fi yawa a jikin masu duhun fata. Sai dai wani binciken na Jami'ar Duke a 2020, a kan mutum 53 masu launin fata daban-daban, bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Abin da ya gani shi ne kuskuren lokacin motsi ya ɗara na lokacin hutu da kimanin kashi 30 cikin ɗari.

Wasu masana sun soki irin waɗannan gwaje-gwaje da cewa masu baƙar fata sosai ba su da yawa a cikinsu, don haka muhawarar ba ta ƙare ba.

Zafin Sakkwato

Akwai abin da lissafin shekaru bai san da shi ba, wato yanayin garin da mutum yake.

A lokacin zafi, jiki na karkatar da wani ɓangare na jini zuwa fata domin fitar da zafi. Gumi kuma na rage ruwan da ke cikin jini. Sakamakon haka jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya kan ragu, sai ta ƙara sauri don cike giɓin.

Wannan hauhawa kan fara ne bayan kimanin minti 10 zuwa 15 da soma aiki, ko da mutum bai ƙara sauri ba.

Shi ya sa gudun da mutum ya yi cikin sauƙi da asubar watan Janairu, zai iya kai zuciyarsa kusa da iyakarta idan ya maimaita shi da la'asar a watan Afrilu. Iyakar ba ta ƙaru ba, aikin ne ya yi wa zuciya nauyi.

Lamarin bai tsaya ga 'yan wasa ba. Mai noman rani a fadamun Shagari, ko lebura mai ɗaukar bulo a Sifawa, zuciyarsa na yin irin wannan aikin na tsawon sa'o'i, ba tare da agogo a hannunsa ba.

Wanda ya tashi a yankin jikinsa ya saba da zafi fiye da na baƙo, amma sabo ba ya maye gurbin ruwan da jiki ya rasa. A 'yan shekarun nan azumin Ramadan ya faɗo a lokacin bazara, kamar a 2024 da aka yi shi a watannin Maris da Afrilu, kuma likitoci kan shawarci mai azumi ya jinkirta motsa jiki mai tsanani zuwa bayan buɗa-baki.

Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma suna ƙara saurin bugu, haka goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari.

A ɗaya ɓangaren, wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol da propranolol, suna rage bugun zuciya da gangan. Mai shan su zai iya galabaita ƙwarai alhali agogonsa na nuna 110, kuma idan ya dage sai ya kai lambar da lissafi ya ba shi, zai wahalar da kansa a banza. Irin wannan mutum likitansa ne zai faɗa masa inda zai tsaya.

Abin da agogo ba ya gani

Ga mai lafiyayyar zuciya, kaiwa ga iyakar bugu na ɗan lokaci ba shi ne haɗarin ba, domin gajiya kan tilasta masa ya sassauta. Haɗarin yana ga wanda ke da wata ɓoyayyar cuta a zuciya.

A ranar 12 ga watan Agustan 1989, ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Legas, a karawar da ake yi da Angola, ya kuma rasu. A ranar 26 ga watan Yunin 2003 irin haka ta faru da Marc-Vivien Foé na Kamaru a birnin Lyon na Faransa, inda binciken gawa ya nuna yana da cutar kaurin tsokar zuciya.

A watan Maris na 2020 ma, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a garin Lafiya ana tsakiyar wasa da Katsina United, bai kuma tashi ba.

Nwankwo Kanu kuwa, binciken likitocin ƙungiyar Inter Milan ne ya gano matsala a wata ƙofar jini ta zuciyarsa a 1996, jim kaɗan bayan ya ci zinare da Najeriya a gasar Olamfik ta Atlanta. An yi masa tiyata a Amurka, ya koma fili ya yi shekaru yana wasa.

Ƙirga bugu ba ya gano irin waɗannan cututtuka, sai gwajin ECG da hoton zuciya. Ko agogunan Apple, waɗanda tun 2018 wasunsu ke iya ɗaukar wani nau'in ECG, kamfanin da kansa ya yi gargaɗin cewa ba sa gano toshewar jijiyar zuciya.

Akwai kuma gargaɗi na musamman ga masu jego. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wanda aka wallafa a 2007, ya sami cutar raunin zuciya mai nasaba da haihuwa a kusan haihuwa 1 cikin 102 a asibitin, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Macen da ta haihu a 'yan watannin baya, take fama da saurin bugun zuciya da haki da kumburin ƙafa, asibiti take bukata kafin duk wani motsa jiki.

Yatsu biyu da magana

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci baligai su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani.

Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce matsakaici shi ne kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na iyakar bugu, mai tsanani kuma kashi 70 zuwa 85. Ga mai shekara 40, bisa lissafin 180, wannan na nufin bugu 90 zuwa 126, sai kuma 126 zuwa 153.

Ana iya gane matakin ba tare da na'ura ba. Wanda ke iya yin hira yana tafiya amma ba zai iya rera waƙa ba, yana matsakaicin mataki. Wanda ba ya iya furta fiye da 'yan kalmomi sai ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani.

Mai son tantance agogonsa kuma zai iya ɗora yatsa manuniya da na tsakiya a wuyan hannu, ƙasa da gindin babban yatsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ya ninka biyu. Idan yanzu ya tsaya da gudu, sai ya ƙirga na daƙiƙa 15 ya ninka huɗu, domin bugun na saurin sauka.

Masu ƙera agogunan na ba da shawarar a ɗaura su su kama fata sosai, a ɗan matsar da su sama da ƙashin wuyan hannu, a kuma riƙa goge bayansu. Ga ɗan wasan da ke bukatar lamba tabbatacciya, maɗaurin ƙirji ya fi.

Likitoci dai sun yi ittifaƙi a kan alamomin da ke wajabta tsayawa nan take, ko mene ne agogo ke nunawa: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, haki fiye da wanda aka saba, bugun da ke tsalle ko harɗewa, da kuma suma.

Idan kuma mutum ya fara ruɗewa ko sambatu a cikin zafin rana, jikinsa ya yi rau, sai a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita, a kuma garzaya da shi asibiti mafi kusa.